Gram 125 na burodi

A watan Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, ina tsaye a ƙofar gidana a Kano sai ga wasu samari sun taho da tuta mai launi uku, fari da shuɗi da ja, suna ɗaga ta sama. Na yafito ɗaya daga cikinsu, yaron da bai wuce sa'ar autana ba, na ce, "Ɗana, tutar ina ce wannan?" Ya ce, "Ta Rasha ce, Baba." Na ce, "Me ka sani game da Rasha?" Ya ɗan yi jim, sannan ya ce, "Ba sa tsoron Amurka." Ya ruga ya bi 'yan uwansa. Ban ga laifinsa ba, yunwa ce ta fito da shi daga gida. Amma na koma ciki jikina a sanyaye, domin shekara 7 na yi a cikin mutanen da ya ɗauko tutarsu, da harshensu na koyi aikin likita, har yau da shi nake ƙirga bugun zuciyar marar lafiya in na shagala. Kuma in aka ce Rasha, ni wata tsohuwa ce mai tsaron ƙofa take fara faɗo mini a rai.

Na bar gida a watan Satumban 1985, makonni kaɗan bayan juyin mulkin da ya kawo Janar Babangida. Gurbin karatun likitanci na samu a Tarayyar Sobiyet, wadda Rasha take cikinta a lokacin. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, manomi ne kuma mai sayar da hatsi, kuma da farko ƙememe ya ƙi. Abin da ya sani shi ne ƙasar 'yan gurguzu ce da ba su yarda da Allah ba, ga sojojinsu suna yaƙi a Afganistan tun 1979. Yakan kama gidan rediyon Mosko da Hausa wani lokaci da daddare, ya saurara yana girgiza kai. Sai da kawuna ya yi ta zarya kafin ya sakko. Ranar tafiya bai yi doguwar magana ba. Ya ce, "Ka riƙe salla. Kada ka dawo mini da abin kunya." Inna kuwa ta cika mini jaka da yaji da kuka da daddawa da dambun nama, tana ɗaurewa tana share hawaye da bakin mayafi.

Daga Legas jirgin Aeroflot ya kai mu Mosko. Can aka rarraba mu, ni aka ce Leningrad. Muka kwana a jirgin ƙasa, wata mata mai kula da tarago tana kawo mana shayi a kofin gilashi da aka sa cikin mariƙin ƙarfe. Da safe muka sauka cikin yayyafi da iska mai ratsa ƙashi, alhali wai ba a ma shiga sanyi ba. Kafin mako ya zagayo aka kwashe mu zuwa kanti aka saya mana babbar rigar sanyi da takalmi da hular gashi mai rufe kunne. Rubul 90 ake ba mu a wata, kuɗin shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa kuma kopek 5, wato kwabonsu.

Abin da ya fara damuna ba sanyi ba ne, fuskokin mutane ne. Mu da muka tashi da cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, sai ga gari guda ba mai yi maka murmushi. Ka gaida mai kanti ta dube ka kamar ka zo bin bashi. Na ɗauka ƙiyayya ce. Sai daga baya na gane haka suke yi wa junansu ma. A wurinsu murmushi ba gaisuwa ba ne, abu ne da ake ajiyewa domin wanda aka sani, har suna da karin maganar da ke cewa dariya ba dalili alamar wauta ce.

Shekarar farko ba a koya mana komai na likitanci sosai sai harshe. Malamarmu ba ta taɓa yi mana Turanci ba ko sau ɗaya. Haruffa 33 ne, kuma wanda ya yi allo ya yi boko ba zai ji tsoron rubutu na uku ba, sai dai akwai masu yaudarar ido: abin da ka sani da P a wurinsu R ne, H kuma N, C kuma S. Malamar ta ce asalin rubutun daga almajiran wasu 'yan'uwa biyu ne masu wa'azin Kirista, Kiril da Mefodi, mutanen ƙarni na 9, shi ya sa yake kama da na Girkawa. Cikin mako uku muna karanta allunan kan titi.

Wahalar tana cikin wutsiyar kalma. Suna guda yana sauya ƙarshensa har hawa shida gwargwadon aikin da yake yi a jimla. Ruwa voda ne, amma in ka sha shi ya zama vodu, in babu shi vody, in kana cikinsa vode, in ka wanke hannu da shi vodoy. Har sunayen garuruwanmu ba su tsira ba. In na ce daga Kaduna nake sai in ce iz Kaduny, in ina cikinta v Kadune. Kano kuwa ta ƙi lanƙwasuwa, domin baƙin sunaye masu ƙarewa da "o" ba a taɓa su, kuma na ji daɗin wannan har raina. Zariya kuwa da malamar ta ji sunan sai ta ce kusan haka suke kiran hudowar alfijir, zarya.

Amma Bahaushe yana da sa'a a wannan harshe, kuma ban taɓa jin wani ya faɗa ba. Mu mun saba da cewa kowane abu ko namiji ne ko mace, kuma yawancin kalmomin mata da "a" suke ƙarewa: riga, hula, rana, gona. To haka yake a Rashanci: kniga littafi, ruka hannu, voda ruwa, duk mata ne. Abokan karatuna daga kudancin Nijeriya, waɗanda harsunansu ba su raba namiji da mace a nahawu, sun sha fama da abin da ni nake tsinta a kunne. Haka girmamawa. Yadda ba za ka ce wa dattijo "kai" ba sai "ku", su ma suna da ty na sa'a da yaro, da vy na babba da baƙo. Babba kuma ba a kiransa da sunansa tsurarsa, sai an haɗa da na mahaifinsa, wane ɗan wane, wance 'yar wane. Ranar da na ji an kira akwatin katako sunduk na ce ashe sanduƙi ya riga ni zuwa. Shayi chai, sukari sakhar, Asabar subbota. Sannan na rubuta wa mahaifina wasiƙa na gaya masa abin da na gano: kalmar godiyarsu, spasibo, asalinta "Allah ya tsare ka" ne, don haka ko shugaban 'yan gurguzu ba ya wuni bai ambaci Allah ba. Kawuna ya ce da aka karanta masa wurin sai da ya sa aka maimaita.

Akwai ma ranar da wani saurayi Barashe ya tare ni a bakin kogin Neva ya ce, "Sannu da zuwa, ina gajiya?" Na tsaya sororo. Ashe a jami'ar garin ana koyar da Hausa, a sashen da wani babban masani mai suna Dmitri Olderogge ya daɗe yana jagoranta, wanda a ƙarƙashin kulawarsa aka buga ƙamus na Hausa da Rashanci tun 1963. Hausar yaron ta littafi ce, irin ta dattawan da, amma na riƙe hannunsa na daɗe ban saki ba.

A ƙofar gidan kwananmu akwai wani ɗan teburi da allon makullai, a bayansa wata tsohuwa 'yar ƙarama mai farin gashi da ɗankwalin ulu. Ta yi ritaya, take wannan aiki domin ƙarin abin cefane. Ɗalibai suna tsoronta. Ba ta barin baƙo ya wuce ƙarfe 11, ba ta barin kowa ya fita ba hula. Da sunanta da na mahaifinta muke kiranta, yadda ladabi ya tanada.

Wata rana a Nuwamba na sayo baƙin burodinsu, wanda ake yi da wani hatsi dangin alkama da suke kira rozh. Nauyi gare shi kamar bulo, ga tsami. Na gutsura sau biyu na kasa, na jefa sauran cikin kwandon shara na madafa, a kan ɓawon dankali da ganyen shayi. Ban san tana bayana ba. Ta sunkuya ta ciro shi, ta kaɗe, ta goge da gefen rigarta a hankali kamar mai goge fuskar jariri. Sannan ta ɗago ta dube ni. Ba ta ɗaga murya ba. Leɓenta na rawa ta faɗi maganganu da yawa, ni kuwa kalma biyu kawai na kama: khleb, burodi, da nelzya, ba a yi. Ta sa shi a aljihu ta fita.

Daga ranar ta daina amsa gaisuwata. Takan miƙo mini makulli idonta na kan saƙarta. Na ji haushi, na ce a raina a kan guntun burodin da bai kai kwabo ashirin ba. Ni da na tashi a gidan da in ƙwayar gero ta zube a ƙasa sai an tsince, na san abin da na yi ba daidai ba ne, amma ban ga abin da ya kai ga gaba ba.

Ranar 27 ga Janairun 1986 malamarmu ta ce yau ba aji. Ta kwashe mu a bas zuwa wata maƙabarta a arewacin gari, Piskaryovskoye. Ba kaburbura ba ne irin waɗanda na sani. Wasu dogayen tuddai ne shimfiɗaɗɗu kamar kunyoyin gona, dusar ƙanƙara ta rufe su, jere bayan jere har 186. A gaban kowanne akwai dutse, ba suna ko ɗaya a jiki sai shekara: 1941, 1942, 1942, 1942. Mai guduma da lauje na farar hula ne, mai tauraro na soja. Malamar ta yi mana bayani da Rashanci mai sauƙi, tana maimaitawa. A Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Jamus sun yi wa garin ƙawanya daga 8 ga Satumban 1941 zuwa 27 ga Janairun 1944, kwana 872. Rashawa suna kiran abin blokada. A wannan fili kaɗai mutum kusan rabin miliyan ne a kwance, kuma yawancinsu ba harsashi ne ya kashe su ba. Daga 20 ga Nuwamban 1941, har tsawon sama da wata guda, rabon yaro da tsoho da duk wanda ba ma'aikacin masana'anta ba gram 125 ne na burodi a wuni. Ta nuna mana girmansa da tafin hannunta.

Sai na lura da abin da mutane suke ajiyewa a kan duwatsun. Furanni, eh, amma har da alewa, da yankakken baƙin burodi. Wani dattijo ya ciro nasa daga cikin hankici, ya ajiye a kan dutsen 1942, ya cire hularsa cikin wannan sanyi ya tsaya. Ƙafafuna suka yi nauyi. Duk hanyar dawowa ina haɗa jimla a raina, ina gyara wutsiyoyinta.

Da na shiga na tsaya gaban teburinta na ce, "Prostite menya." Ku gafarce ni. Na ce yau na je Piskaryovskoye. Ta ajiye saƙar ta daɗe tana kallona. Can ta jawo wata kujera da ƙafa ta ce, "Sadis, synok." Zauna, ɗana. Ta zuba mini shayi daga tulunta, ta yanko baƙin burodi ta barbaɗa masa gishiri. Na cinye tas. Tun daga ranar ban ƙara jin sunana a bakinta ba sai synok, ni kuma da muka saba na koma kiranta Babushka, wato kaka.

Labarinta ba a zama ɗaya na ji shi ba. Gutsure-gutsure ta riƙa ba ni cikin shekaru, gwargwadon yadda Rashancina yake ƙaruwa, kuma sau da yawa tana tsakiyar wata maganar daban sai ya faɗo. Shekararta 14 da aka rufe garin. Burodin nan na gram 125 ma ba gari zalla ba ne, an cuɗa shi da dusa da tunkuzar angurya da wani gari da aka sarrafa daga itace, ya fito baƙi mai danƙo. Mahaifiyarta takan raba shi uku, safe da rana da dare, ta kulle a sanduƙi ta rataya makullin a wuya, domin ƙanenta ɗan shekara 6 ba ya iya haƙuri. Sun kankare gam ɗin bayan takardar ado ta bango sun dafa. Sun dafa gam ɗin kafinta, sun dafa ɗamarar fata. Famfo ya daskare, sai ta ja bokiti a kan abin zamiyar yara zuwa Neva, ta ɗebo ruwa daga ramin da aka fasa a ƙanƙara. A kan irin wannan abin zamiya ake jan gawa. Sun ƙone kujeru da littattafai domin ɗumi. Ƙanen ya rasu a Janairun 1942, mahaifiyar a Fabrairu.

Akwai abin da sai a shekarata ta huɗu ta faɗa mini, idonta na kan tagar da ke bayana. Da mahaifiyar ta cika, ba ta kai rahoto ba. Ta bar ta a ɗaya ɗakin, inda sanyi ya sandarar da ita, ta ci gaba da karɓar burodi da katinta har ƙarshen wata. Ta ce, "Kwana 11, synok. Da burodin mamata na rayu." Ban sami abin cewa ba, a harshenta ko a nawa. Na kama hannunta kawai. Daga baya a asibiti na tarar da tsofaffi da dama masu irin wannan labari, kuma na koyi cewa in kana ɗaukar tarihin ciwon dattijo a garin nan dole ka tambaya ko yana ciki lokacin blokada, domin yunwar yarinta tana barin tabo a zuciya da ƙashi har tsufa.

Ita ce ta kai ni dandalin cocin Isak ta nuna mini wani gini inda ake adana irin shuka da masanin tsirrai Nikolai Vavilov da mutanensa suka tattaro daga sassan duniya. A lokacin ƙawanyar wasu daga ma'aikatan wurin yunwa ta kashe su suna zaune a tsakiyar shinkafa da gyaɗa da alkama, ba su taɓa ba. Wannan ma na rubuta wa mahaifina. Amsarsa gajeriya ce, da hannun kawuna: manomin kirki ba ya cin iri, waɗannan mutane ne.

Azumina na farko a can ya kama a watan Mayun 1986, daidai lokacin da dare yake ƙarewa a garin. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 11, kuma ko ta faɗi sama ba ta yin duhu, kafin ka gama sahur gari ya waye. Na je masallacin garin neman fatawa, wani babban masallaci mai shuɗiyar ƙubba kusa da tashar Gorkovskaya, wanda aka fara salla a cikinsa a 1913, gwamnati ta rufe shi a 1940, aka sake buɗewa a 1956. Yawancin masallatan tsofaffi ne 'yan ƙabilar Tatar. Wani daga cikinsu ya tambaye ni yaushe Musulunci ya zo garinmu, na ce tun ƙarni na 14, zamanin Sarki Yaji, ina jin na faɗi abin burgewa. Ya ce kakanninsa a bakin kogin Volga sun karɓe shi a shekarar 922, shekara 66 kafin Yarima Vladimir ya shigar da Rashawa addinin Kirista a 988. Ranar na san cewa ƙasar nan ba ƙabila ɗaya ba ce, kuma abin da mahaifina ya ji game da ita gefe guda ne kawai.

Babushka ta kasa fahimtar azumin. Mutum ya ga abinci ya ƙi ci da gangan, wannan ya fi ƙarfin tunaninta, har faɗa ta yi mini. Amma daga kwana na uku, duk daren da take bakin aiki, in na sauko zan tarar da tukunya a naɗe cikin tsohon bargo: dankali da kifi, ko miyar kabeji da ta dafa daban ba nama, domin ta san abin da ba na ci. Tana duba agogo tana cewa saura minti goma, saura biyar. Wani dare ta ce kakarta ma takan yi azumin mako bakwai kafin Ista, a ƙauye, kafin juyin juya halin 1917, kuma ita kanta an yi mata baftisma a ɓoye.

Ba zan ce duk daɗi na ji ba. An kira ni biri a cikin taragon titi, mutane suna ji ba wanda ya tanka. Wani marar lafiya ya ce baƙin hannu ba zai taɓa shi ba. A shekarun ƙarshe, da abubuwa suka taɓarɓare, mun daina fita da dare ɗaya-ɗaya, kuma an fasa wa wani abokina ɗan Gana kai a bakin tasha. A wannan gari dai, in hira ta yi daɗi, sai a ce maka ai Pushkin ɗan'uwanku ne. Babban mawaƙinsu ke nan, wanda suke cewa shi ya gina Rashancin da ake rubutawa yau, kuma kakan mahaifiyarsa, Abram Gannibal, yaro ne ɗan Afirka da aka kawo wa Sarki Bitrus Mai Girma, wanda ya kafa birnin a 1703, yaron ya girma har ya zama janar. An daɗe ana cewa daga Habasha yake, daga baya wani bincike ya nuna Logone-Birni, kudu da tafkin Chadi. Mutumin da zai rungume ka saboda Pushkin da wanda zai zage ka a tasha duk 'yan gari ɗaya ne, kuma na zauna da su duka.

A 1989, da shugaban ƙasar, Gorbachev, ya buɗe bakin jama'a, jaridu suka fara tono abin da aka binne. Sai ga Babushka da wata tsohuwar takarda. Ashe mahaifinta, ma'aikacin jirgin ƙasa, an zo an tafi da shi da tsakar dare a 1937, zamanin Stalin, tana shekara 10. Abin da aka gaya wa iyalin shi ne an yanke masa shekara 10 ba damar aika wasiƙa. Sun yi ta jira. Sai yanzu, bayan shekara 52, ta san ma'anar wannan magana ita ce an harbe shi. A shekarar aka bayyana wani daji a Levashovo, bayan gari, inda aka riƙa binne waɗanda aka kashe a ɓoye. Na raka ta wata Lahadi. Ba ta san inda yake ba, ba ta ma da tabbacin nan ne. Ta zaɓi wata bishiya ta ɗaura hotonsa da zare. Ƙasar da ta ba ta lambar girma ta kare Leningrad ita ce ta kashe mata uba, kuma ta riƙe biyun a ƙirji ɗaya. Ban taɓa jin ta zagi ƙasar ba, ban kuma taɓa jin ta wanke ta ba.

Daga nan komai ya riƙa zubewa da sauri. A ƙarshen 1990 aka dawo da katin rabon abinci a garin, kantuna suka zama wayam, layi tun kafin asuba. Na ga abin da ganin katin ya yi wa tsofaffi. Hannun Babushka rawa yake in ta ciro nata. A wannan hunturu aka riƙa kawo kayan agaji daga Jamus, ana ba waɗanda suka tsira daga ƙawanyar. Ta kawo kwalinta ta ajiye a kan teburin makullai, kwana biyu ba ta buɗe ba. A na uku ta buɗe, ta kira mu, ni da wani ɗan Yaman da wani ɗan Vietnam, ta raba mana madarar gari da cakulan. Ta ce wanda ya haɗa kwalin nan wataƙila ba a haife shi ba a lokacin, abinci kuma ba shi da laifi. Ita na tuna a 2022 da na ga labarin birnin Mariupol na Ukraine, mutane a ƙarƙashin gine-gine suna narka ƙanƙara su sha, kuma wannan karon sojojin Rasha ne a bakin gari. Ina da abokan karatu a ɓangarorin biyu. Na yi kuka a ofishina, kuma har yau ban ga hujjar da za ta sa a yi wa wani gari abin da aka yi wa nata ba.

A Yunin 1991 aka yi ƙuri'a kan sunan birnin, masu son a koma Sankt-Peterburg suka yi rinjaye da kaɗan. Ita Leningrad ta zaɓa. Ta ce ba don Lenin ba, jagoran 'yan gurguzun da aka sa wa garin sunansa, mamarta da ƙanenta a Leningrad suka mutu, ba ta son su farka su rasa garin. A watan Agusta wasu manyan jami'ai suka yi yunƙurin kifar da Gorbachev, jama'a suka cika dandalin fada maƙil. Ina gefe a tsaye, a nan na fara ganin tutar nan mai fari da shuɗi da ja da yawa haka a hannun mutane, masu cewa sun gaji da mulkin danniya. Ranar 25 ga Disamba Gorbachev ya sauka, ƙasar da ta ba ni gurbin karatu ta daina wanzuwa. Da aka saki farashi a Janairun 1992, kuɗin da Babushka ta shekara da shekaru tana tarawa a banki domin jana'izarta suka koma ba su fi na cefanen 'yan kwanaki ba.

Na gama a Yunin 1992. Ranar tafiya ta zo ɗakina, abin da ba ta taɓa yi ba, sanye da rigarta ta fita. Na ɗauki akwati sai ta ce a'a, a zauna tukuna. Al'adarsu ce, kafin matafiyi ya fita kowa ya zauna shiru na ɗan lokaci. Ta zauna a bakin gado, ni a kan akwati, ba mai magana, sai ƙarar taragon titi daga waje. Sannan ta miƙe ta ba ni wani abu a naɗe cikin tawul mai ɗinkin ja: baƙin burodi guda cur. Ta ce in kai wa mahaifina. Ta kama kaina da hannu biyu ta jawo ƙasa, domin ba ta kai kafaɗata ba, ta sumbaci goshina. Wasiƙa uku na samu daga gare ta bayan na dawo. Ta huɗun da na aika a 1994 ba a amsa ba.

Burodin ya iso Kano ya ɗan bushe amma bai lalace ba. Bayan sallar isha'i, da masu barka da zuwa suka watse, na kawo shi zaure na kwance tawul ɗin a gaban mahaifina, na ba shi labarinta tun daga kwandon shara. Bai katse ni ba ko sau ɗaya. Da na gama ya sa aka kawo wuƙa. Ya ce in yanka masa daidai gram 125 ɗin. Na ƙiyasta na yanka. Ya ɗora a tafin hannunsa yana jinjinawa, yadda yake auna hatsi a kasuwa, ya ce, "Wannan ke nan, tun safe har dare?" Na ce, "Shi ke nan, Baba." Ya yi bisimilla ya ci a hankali, tsamin na sa shi runtse ido, har ya gama. Ya tattara ɓurɓushin da ya zuba a kan buzunsa da yatsa ya kai baki. Sannan ya ce in sake faɗa masa sunan matar, da na mahaifinta.